Kalmomin da Arzika Ya Kai wa Kaka

A Tudun Wada ta Gusau, in ka ga takalmin wani rataye a reshen dogon yaro, ko ka ga akuya tana yawo da hula a ka, kada ka wahalar da kanka da tambaya. Aikin Arzika ne.

Shekararsa goma sha ɗaya, yana aji biyar. Kansa yana ja, amma bakinsa ya fi kan gudu. Ba abin da za a ambata ya ce bai sani ba. A yi zancen jirgin sama, zai ce ya san inda ake ɗura masa mai. A yi zancen kifi, zai ce ya taɓa ganin wanda ya fi babur girma. Kuma in yana faɗa ko ƙifta ido ba ya yi, sai ka rantse gaskiya ne.

Arzika yana da kawu mai suna Tajuddeen, ƙanen mahaifiyarsa. Yana aiki a gonar tumatir a ƙasar Sifaniya. Can ya yi aure, can aka haifa masa 'ya. Aka sa mata sunan mahaifiyarsa, Hanatu, shi ya sa ake ce mata Ummi. Shekararta biyar. Ba ta taɓa zuwa gida ba, kuma ba ta jin Hausa, sai Sifaniyanci.

Ita kuwa Kaka Hanatu tana Bungudu. Duk lokacin da aka kawo mata babbar waya aka yi kiran bidiyo, sai dai ta ɗaga wa Ummi hannu, Ummi ta zuba mata ido. Abin yana damun Kaka. Rannan ta ce wa ɗanta, "Tajuddeen, ka aiko mani da gaisuwar mutanen nan. Ta safe, ta rana, ta marece, ta dare. Ina son in gaida takwarata da bakin da take ji."

Wayar Kaka ƙarama ce, ba ta karɓar saƙon murya. Don haka Kawu ya aiko saƙon ta wayar Mama, mahaifiyar Arzika. Mama tana kan keken ɗinki, kaya sun yi mata yawa. Ta miƙa wa Arzika wayar.

"Ga saƙon kawunka. Ka saurara da kyau, ka haddace. Gobe za ka Bungudu hutu, kai za ka koya wa Kaka. Ran Juma'a zan zo da wayar a yi kira."

"Sifaniyanci?" in ji Arzika. "Mama, ai ni rabinsa ma na riga na iya."

Ya koma zaure ya danna saƙon. Kawu ya fara da gaisuwa. Ina gida, ina yara, ina maƙwabta, ina ruwa. Arzika ya gaji tun ba a zo kan kalmomin ba. Ya tsallake, ya tafi neman wasan ƙwallo a wayar. Wasan ya ƙi sauka, wai wayar ta cika. Arzika ya duba hagu, ya duba dama, ya goge saƙon Kawu. Wasa ya sauka.

Washegari ya isa Bungudu da hantsi. Kaka tana tsakar gida tana murza ƙuli-ƙuli.

"A'a, maigida ya iso!" in ji ta. "Ina cefane?"

"Wane cefane, tsohuwa? Mai haƙori huɗu me za ta tauna?"

"Huɗun nan sun ishe ni in cinye rabonka, mai kunnen faranti."

Haka suke. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, kowa ya sani. Ya taɓa saka mata kwaɗo a ƙwaryar tsaba. Ita kuma ta ɗinke masa ƙafar wando yana barci, da safe ya yi ta tsalle kamar fara. Ba wanda ya yi fushi.

Amma ran nan, bayan azahar, Kaka ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Ta wanke hannu kamar mai shirin cin abinci. Ta zauna ta tanƙwashe ƙafa.

"To, malam. Bisimilla. Mi suke ce ma safe?"

Ba dariya a fuskarta. Arzika ya buɗe baki. A nan ne ya kamata ya ce ya goge saƙon. Amma kalmar ta yi masa nauyi. Sai ya gyara murya, ya ɗaga kai sama kamar mai tunowa.

"Safe," in ji shi, "kalamanto."

"Ka-la-man-to," in ji Kaka a hankali.

Kai, abin ya zauna daram! Arzika ya ji daɗi har cikin ransa. Sauran suka riƙa zubowa da kansu. Tsakar rana, barbado. Marece, sankariyo. Dare, dundurus.

"Gaisuwar fa?"

"Ai su ba su da wahala. Kalmar ita ce suna, ita ce gaisuwa."

A zuciyarsa ya ce, wasa ne. Ran Juma'a Kawu zai tuntsire da dariya, Kaka ta biyo ni da muciya, shi ke nan.

Kaka ba ta iya karatun boko ba, amma tana da dabararta. Kowace kalma ta ɗaura ta a jikin wani aiki. In tana dama koko, kalamanto. In tana juya gyaɗar da ta shanya, barbado. In awaki sun dawo, sankariyo. In ta tura ƙyaure, dundurus.

Kafin kwana uku maƙwabta sun ɗauka. Sai ka ji mata ta kan katanga, "Kalamanto, Inna Hanatu!" Ita kuma ta amsa da fara'a. Yaran unguwa suka sa wa Arzika suna Ɗan Sifaniya. Ya riƙa tafiya yana buɗa hannuwa, kamar garin ya yi masa kaɗan.

Ran Alhamis ya shigo neman ruwa. Ya hango Kaka ita kaɗai a bakin turken awaki. Idonta a rufe, tana ƙirga yatsu, tana maimaita kalmomin ƙasa-ƙasa. In ta yi tuntuɓe sai ta koma farko. Arzika ya kau da kai. Ya sha ruwa, ya fita wasa.

Ran Juma'a Mama ta iso da waya. Ƙanwar Kaka, Hajiya Maryam, ta taso tun daga Tsafe da sassafe don kada a ba ta labari. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Kaka ta ɗaura sabuwar atamfa, ta sa kwalli.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Ga Kawu, ga Ummi a cinyarsa da kitso biyu.

Kaka ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Sankariyo, Ummi."

Ummi ta kalli babanta.

Kaka ta ɗaga murya. "Sankariyo, takwara!"

Ummi ta ci gaba da kallon babanta. Arzika ya matsa kusa da ƙofa, yana jiran dariyar Kawu. Kawu bai yi dariya ba.

Kaka ta ruɗe. Ta gwada kalamanto. Ta gwada barbado. Ta gwada dundurus. Ummi ta ɓoye fuska a rigar babanta, sannan ta zame ta sauka, ta bar wurin.

"Inna," in ji Kawu a tausashe, "ko ɗaya ba ta fito ba. Amma ki bar damuwa. Yaren da wuya ga babba. In ta girma zan koya mata Hausa."

Wata maƙwabciya ta yi 'yar dariya, wata ta zungure ta.

Kaka ta miƙa wa Mama wayar. Ta sa gefen mayafi ta goge ido.

"Yaron ya yi iya ƙoƙarinshi," in ji ta. "Harshena ne ya tsufa. Na bari. Ba ni ƙara ba kaina kunya."

Ba muciya. Ba gudu. Da za su tafi ma, sai Kaka ta ƙulla ƙuli-ƙuli a leda ta danƙa wa Arzika. "Ungo, malam. Ka yi haƙuri da ɗalibarka, ba ta da kai."

Arzika da Mama suka hau mota suka koma Gusau. Ba wanda ya gano shi. Ya tsira sarai. Amma ledar nan ta yi kwana biyu a jakarsa, ya kasa cin ko ɗaya.

Ran Litinin aka koma makaranta. Da aka fita tara, Arzika bai bi yara ba. Ya tsaya a bakin teburin malamin ajinsu, Malam Zakari.

"Lafiya, Arzika? Yau ba wanda ya kawo ƙararka, har na fara tunanin ba ka zo ba."

"Malam, yaya ake cewa safe da Sifaniyanci?"

"Ban sani ba," in ji Malam.

Arzika ya zaro ido. "Malam, kai?"

"Ni. Ban taɓa koyo ba. Mene ne abin mamaki? Zauna mu nema tare. Amma tukuna, me ya haɗa ka da Sifaniyanci?"

Arzika ya fara a hankali, daga baya zance ya ɓalle. Ya faɗi saƙon da ya goge. Ya faɗi kalamanto da dundurus. Malam ya kusa yin dariya, ya danne. Da aka zo kan Kaka tana goge ido, ba sauran dariya a fuskarsa.

"Ni fa wasa na yi, Malam. Ai kakata ce."

"Ranar da ka sa mata kwaɗo, ta san wasa ne?"

"Ta sani. Har ta rama."

"Wannan karon fa?"

Arzika ya sunkuyar da kai.

"Ba wasa ta zo da shi ba," in ji Malam. "Ta zauna gabanka a matsayin ɗaliba. Yanzu tana can tana zargin harshenta, alhali harshenta bai yi laifin komai ba. Mutum ɗaya ne ya san haka a gidanku."

Malam ya fito da wayarsa. Suka nemo kalmomin, wayar tana furtawa, Arzika yana rubutawa yadda kunnensa ya ji. Safe, manyana. Tsakar rana, mediyodiya. Yamma, tarde. Dare, noce. A rubutunsu, manyana tana da wani harafi mai 'yar tsutsa kwance a kansa. Arzika ya zana ta da kyau.

Gaisuwa kuwa uku ce. Da safe, buwenos diyas. Da yamma, buwenas tardes. Da dare, buwenas noces.

Kullum da tara yana zuwa. Malam yana tambaya, yana amsawa. In ya kuskure, Malam ya ce, "Sake." Yaron da ba ya iya zaman minti biyar, sai ga shi yana cinye tara a kan benci.

Ran Alhamis ya samu Mama a kan keke. Ya durƙusa ya faɗa mata komai. Keken ya tsaya cak.

"Arzika! Uwata ka mayar abin dariya a gaban mutane?"

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Jibi Asabar, da sassafe za mu Bungudu. Kuma da bakinka za ka gaya wa kawunka ya sake aiko saƙon."

Ya gaya masa. Kawu ya saurare shi a waya har ƙarshe. Sannan ya ce, "Zan aiko. Wannan karon ba doguwar gaisuwa."

Ran Asabar suka tarar da Kaka tana dama koko. Yau ba kalamanto, cokali kawai ke ƙara a ƙwarya.

"Maigida, an dawo?" in ji ta. Muryar ba ƙarfi.

Arzika ya durƙusa a gabanta. "Kaka, na zo da kalmomin."

"A'a. Na ce na bari."

"Kaka, waɗancan ba Sifaniyanci ba ne. Ni na ƙirƙira su. Saƙon Kawu goge shi na yi, ban ko saurara ba."

Cokali ya tsaya. Kaka ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Arzika ya gwammace a zane shi da wannan kallon.

"Kalamanto ɗin?"

"Ƙarya ce."

"Dundurus?"

"Ita ma."

"Wato," in ji Kaka a hankali, "ba harshena ba ne?"

"Ba harshenki ba ne. Yadda na faɗa, haka kika faɗa, ko kuskure ɗaya babu."

Kaka ta ja dogon numfashi. Kafaɗunta suka sauka. Sai kuma hannunta ya miƙo ya cafke kunnen Arzika.

"Wayyo, Kaka!"

"Kwana shida ina yi ma awakina yaren da babu mai shi a duniya! Wanga yaro, Allah shi shirye ka. Tashi. Ka bi gida-gida, duk inda ka zubar da kayanka ka kwashe. Ka ce masu ƙarya ka yi."

Gida bakwai ya shiga. Ba abin da ya taɓa yi mai wuya kamar wannan. A kowane gida sai ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce, "Ni na ƙirƙira, ba laifin Kaka ba ne." Wata ta yi salati. Wata ta yi dariya har da riƙe ciki. Yara suka bi shi a baya suna tsokana. Ɗan Sifaniya ya dawo gida hannuwansa a jikinsa.

Ya tarar an shimfiɗa tabarma.

"Zauna," in ji Kaka. "Amma sai na ji daga bakin Tajuddeen tukuna. Kai yanzu ko sallama ka yi sai na leƙa."

Mama ta danna saƙon. Muryar Kawu ta fito. Arzika ya buɗe littafinsa, kalma bayan kalma, duk sun yi daidai.

"Gaisuwa ukku kacal?" in ji Kaka. "Ba barka da hantsi? Ba ina gajiya? Lalle mutanen nan suna sauri."

Suka fara. Arzika bai yi gaggawa ba. Ya bi dabarar Kaka. Sauran koko ya zama manyana. Da inuwa ta shige ƙarƙashin katanga, ya nuna mata. "Mediyodiya." Wannan ta ba ta wuya. Ta ce madidiya, ta ce mudiya. Sau goma sha biyu suna yi. Arzika bai yi dariya ba ko sau ɗaya, duk da dariyar tana cin sa. Da awaki suka dawo, Kaka da kanta ta juyo ta ce, "Tarde." Bayan isha ta tura ƙyaure ta ce, "Noce," ta ƙara da addu'a.

Ran Lahadi bayan la'asar, Kaka ta ce kada a kira kowa. Ita da Mama da Arzika kawai. Ba ta canza zane ba.

Waya ta yi ƙara. Ga Kawu, ga Ummi tana wasa da igiyar rigarsa, ko kallon wayar ba ta yi.

Kaka ta dubi Arzika. Ya gyaɗa mata kai.

"Buwenas tardes, Ummi."

Yarinyar ta ɗago da sauri. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa wayar.

"Buwenas tardes, abuwela!"

"Mi ta ce? Mi ta ƙara?"

"Abuwela, Inna," in ji Kawu. "Kaka ke nan. Ta ce barka da yamma, Kaka."

Kaka ta dafe ƙirji. Hawaye yana zuba, tana dariya, haƙoran nan huɗu duk a waje. Ta sake faɗa. Ummi ta sake amsawa. Ummi ta rufe ido ta kwantar da kai a hannu kamar mai barci, Kaka ta ce, "Noce!" Ummi ta yi tsalle ta miƙe tana miƙa, Kaka ta ce, "Manyana!" Yarinyar ta yi ta tafi. Ta ƙi ba babanta wayar.

Can ta juya ta yi wa babanta wata doguwar magana.

"Wai gobe kafin ta tafi makaranta a kira ki," in ji Kawu. "Tana son ta ji ko kin iya ta safe."

"Ka ce mata ta kira," in ji Kaka. "Tana nan a bakina."

Mama ta ce to, sai su ƙara kwana. Arzika ya koma gefe ya zauna a kan turmi, ya ji kansa sakayau kamar an sauke masa buhu.

Bai daina wasa da Kaka ba, kuma ita ma ba ta raga masa ba. Amma daga ranar ya gane abu biyu. In mutum ya zo neman ilimi a wurinka da gaske, ba lokacin wasa ba ne, ka ba shi gaskiya. In kuma ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka je ka koyo.